Dattijon da Aka Ba Ni Ajiya a Firij

Shekarun baya, kafin wannan abu ya faru da ni, na yi imani da cewa yawancin saɓanin da ke tsakanin mutane daga ƙarancin bayani yake tasowa. A ganina, muddin ka zaunar da mutum ka warware masa dalili daki-daki har ya fahimta, to ba abin da ya rage masa sai ya bi. Da wannan aƙida na yi karatu, da ita na koyar a gida, da ita kuma na zo Doha aikin bincike a wani ɗakin gwaje-gwaje. Matata ta sha gaya mini cewa ko gishiri na ce a miƙo mini sai na haɗa da dalilin da ya sa nake buƙatarsa. Ni kuwa yabo na ɗauki maganar.

Ina da wani aboki a wurin aiki, mutumin Zariya, wanda ya yi karatu a Japan ya dawo da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin Bahaushe ba. Yana renon itace a cikin kasko. Ana ce wa abin bonsai: itace ne na gaske, irin wanda da an bar shi a daji zai fi soro tsawo, amma sai a riƙa datse masa saiwa da rassa shekara da shekaru, ana lanƙwasa su da siririyar wayar tagulla, har ya tsufa bai wuce kamu ɗaya ba. Na abokina irin itatuwan ƙasashen sanyi ne, masu ganye kamar tafin hannu. Yana kiransa Dattijo. Ya taɓa gaya mini, ba da wasa ba, cewa Dattijo ya girmi aurensa. Akwai wani reshe guda da ya miƙe gefe ya sunkuyo kamar hannun mai ba da sadaka, wanda ya ce shi kaɗai ya cinye masa shekaru kafin ya samu ya tsaya yadda yake so.

Wata shekara, farkon sanyi, mahaifinsa ya kwanta rashin lafiya, ya zama dole ya kwashe iyali su tafi gida na kusan wata uku. Ranar da zai tafi ya zo gidana a Al Wakrah rungume da kaskon. Ganyen duk ya zube, ba abin da ya rage sai tsirarun rassa.

Na ce, “Ayya, ya mutu ne?”

Ya ce, “Barci yake. Ina firij ɗinku?”

Na zaci ruwa zai sha. Sai ya buɗe firij, ya ciro tukunyar miyar matata da robobin zoɓonta ya jera a ƙasa, ya zare shantar tsakiya gaba ɗaya. Sannan ya yi mini bayani, kuma dole in yaba masa, bayani ne mai tsari. Irin wannan itace, in ji shi, sai ya sha sanyi na gaske na tsawon watanni kafin ya tara ƙarfin da zai yi sabon toho. Sanyin Doha kuwa a wurinsa bazara ce. Idan ya ji ɗumi kafin lokaci zai farka da wuri, ya fitar da ganye da ragowar ƙarfin da bai gama tarawa ba, kuma in zafin ƙasar nan ya sauko zai iya rasa rassa, ko ya tafi gaba ɗaya. Saboda haka zai kwana a firij, cikin leda mai huji, a riƙa ɗan jiƙa ƙasarsa, kada a ajiye tuffa ko ayaba kusa da shi, kada kuma a fitar da shi sai ya dawo.

Ya kama hannuna ya ce, “Malam, amana ce. Na duba duk mutanen da na sani a garin nan, kai kaɗai ne za a gaya wa abu ka yi shi yadda aka faɗa.”

Na ji daɗin wannan shaida fiye da yadda ya kamata. Matata, wadda ke tsaye bakin ƙofar kicin tana kallon tukunyarta a ƙasa, ta jira ya fita sannan ta ce, “Wato ni da zoɓona mu nemi wani wuri, icce ya samu ɗaki da esi.”

Na yi mata bayani. Ta ce ta ji.

Makonni kaɗan bayan haka muka je filin jirgin Hamad muka ɗauko surukata, wadda ta zo ganin likitan gwiwa. Dattijuwa ce mai tsantseni, kuma tsakanina da ita kunya ce irin ta asali. Tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba. Ina durƙusawa in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Idan tana da magana da ni, 'yarta take gaya wa, ko da ina zaune a wurin, ni ma ta nan nake mayar da amsa. Ba ta taɓa kiran sunana ba. “Mai gidan” take cewa.

Washegarin zuwanta ta buɗe firij za ta ajiye man shanun da ta zo mana da shi. Ina falo na ji ta yi salati.

“Ke, zo nan. Wannan kiraren na mene ne? Magani ne?”

“A'a Inna, itace ne. Ajiya aka ba shi.”

“Itace? Mai rai?”

“Mai rai.”

“Shi ne kuka ƙunshe shi a leda kamar nama?”

A nan na ga dama ta samu. Na matso bakin ƙofa, na durƙusa, na fuskanci matata, na soma. Na yi bayanin yadda itatuwan ƙasashen sanyi suke, na yi bayanin barcinsu, na kawo misali da kuka, wadda kowa ya san tana zubar da ganye da rani ta tsaya kamar matacciya, sannan ta yi toho gab da saukar damina. Na ce bambancin kawai shi ne, kuka fari take jira ya wuce, wannan kuwa sanyi. Matata tana maimaita mata jimla bayan jimla, ko da yake na lura tana taƙaita wasu wurare da nake ganin suna da muhimmanci. Surukata ta saurara har ƙarshe ba ta katse ba. Da na gama ta ce, “To. Allah ya kyauta.”

Na koma falo ina jin irin gamsuwar da malami ke ji idan aji ya yi tsit.

Haka muka ci gaba. Kullum na dawo daga aiki sai in buɗe firij in duba Dattijo, in taɓa ƙasarsa, in rufe. Kowace Juma'a abokina kan aiko saƙo, bayan ya faɗi jikin mahaifinsa sai ya ce, “Ya mutumina?” Ni kuma in ɗauki hoto in tura masa.

Wajen tsakiyar watan Janairu na lura da wani abu. 'Yan idanun da ke jikin rassan, waɗanda da ƙyar ake ganinsu a da, sun soma kumbura. Sun yi sheƙi, bakinsu ya yi ja-ja. Na cire tabarau na goge na sake dubawa. Ba shakka, Dattijo yana shirin farkawa, a cikin firij, cikin duhu, saura fiye da wata guda mai shi ya dawo.

Abin da na yi daga nan shi ne abin da duk mai irin tarbiyyata zai yi: na zargi na'ura. Na sayo ma'aunin zafi na rataye a ciki. Safe da yamma yana nuna sanyi daidai yadda ake so. Na ce to robar ƙofar ce ta saki, na kira mai gyara. Ya duba gaba, ya duba baya, ya leƙa ledar, ya dube ni, ya ce, “Firij lafiya lau. Khalas, shi ke nan.” Har ya kai ƙofa ya juyo ya tambaye ni ko cin abin ake yi. Na cire ƙwan fitilar firij ɗin, a kan zaton haskenta ne ke ruɗa shi, muka koma lalube cikin duhu in za mu ɗauki ƙwai. Na hana shigo da tuffa gidan baki ɗaya. Na karanta duk abin da na samu a kan barcin itatuwa, har na fara tunanin ko na ci karo da wani abu da masana ba su lura da shi ba. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da na zauna a mota ina tsara yadda zan gabatar da batun a gaban taro.

Hotunan Juma'a kuwa na koma ɗaukarsu daga nesa.

Na kai wa matata kuka. Na ce, “Ki duba fa, duk sharuɗɗan sun cika, amma yana toho. Ba ya kan ƙa'ida.”

Tana yankan alayyafo, ba ta ɗago ba ta ce, “Ikon Allah ke nan.”

“Na san ikon Allah ne. Sababin nake nema.”

“To Allah ya nuna maka.”

Ya kuwa nuna mini. Wata rana aka rufe ɗakin gwajinmu da hantsi saboda wani gyara, aka ce kowa ya tafi gida. Na shigo, na wuce kicin don in sha ruwa, na buɗe firij. Tsakiyarsa wayam. Sai ledar kawai, an ninke ta da kyau an ajiye a gefe.

Ban san lokacin da na isa baranda ba. Ga surukata zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu a rana, ta shafa man zafi a gwiwa, carbi a hannu. Ga Dattijo a gefenta, an ɗora shi a kan kujerar tsuguno don rana ta same shi sosai. Ga buta kusa da shi, ƙasarsa a jiƙe. Su biyun suna fuskantar teku kamar tsofaffin da suka saba zama tare.

Na yi niyyar yin magana, amma ƙafafuna suka riga ni. Na tsinci kaina a durƙushe ina cewa, “Inna, barka da hantsi. Ya ƙarfin jiki?”

Ta ja mayafi ta kalli bango. “Lafiya lau. An dawo?”

Matata ta fito daga ɗaki, ta gan mu mu uku, ta tsaya. Na fuskance ta, na daidaita murya iyakar iyawata, na ce, “Ko za ki tambayi Inna, tun yaushe ake fitowa da shi?”

Ba ta ma buɗe baki ba surukata ta amsa, tana kallon 'yarta. “Ki gaya wa mai gidan, tun kwana biyu da zuwana. Yana fita nake ɗauko shi, kafin la'asar in mayar. Ruwan ma da ɗumi nake ba shi, ba wannan mai kashe haƙori ba.”

“Ki tuna wa Inna na yi bayanin cewa sanyin shi ne…”

“Na ji bayanin. Ki ce masa ba abin da ban gane ba. Barci yake, sai ya sha sanyi, kamar kuka. To ni dai tun da nake ban taɓa ganin wanda ya sa kuka a leda ba. Abu da ransa, an ɗaure masa hannu da waya kamar ɓarawo, an kulle shi da man shanu, ba rana ba iska. Ni na kasa barci saboda shi. Ga shi nan, da ya ga rana ai ya buɗe ido.”

“Ki ce wa Inna buɗe idon shi ne matsalar.”

“Ikon Allah! Yau na ji inda farfaɗowa ta zama matsala. Ke, tambaye shi, ni ma da haƙorana suka zube, firij ɗin zai sa ni in huce kafin wasu su fito?”

Matata ta toshe baki da gefen zane ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa ina durƙushe. Ina da amsoshi aƙalla guda uku, kowacce da hujjarta, amma babu wadda za a iya faɗa wa suruka, ko da ta bakin 'yarta. Na ce, “Allah ya ƙara lafiya,” na tashi.

A kicin na tare matata. “Kin sani?”

“Ni nake ɗauko mata kujerar.”

“Me ya hana ki gaya mini?”

“Da na gaya maka me za ka yi?”

“Da na yi mata bayani.”

Ta ce, “Ai ka yi.”

Da yamma na kira abokina ta bidiyo, domin abin ya wuce a ɓoye shi da hoton nesa. Na tambayi jikin mahaifinsa, ya ce da sauƙi sosai. Na ce alhamdu lillahi, sannan na juya wayar na nuna masa rassan. Wasu idanun sun riga sun tsage, kan ganye ya leƙo. Ya matso da fuskarsa kusa da wayar ya ƙura musu ido.

“Malam, wannan ba aikin firij ba ne. Wannan ya ga rana.”

“E, an ɗan riƙa fitar da shi.”

“An? Wa?”

“An dai fitar.”

“Malam, ni fa kai na ba wa. Na ce maka kada…”

Sai muryar surukata ta taso daga falo, da ƙarfin da ban san tana da shi ba: “Ke, ki gaya wa mai iccen ni ce. Kada ya ga laifin kowa.”

Na ga fuskar abokina ta sauya. Na ga ya gyara zama, ya taɓa hularsa, ya ɗan sunkuya, shi da ke Zariya ita tana Al Wakrah. Ya ce, “Au, Inna ce? Inna ina wuni? An zo lafiya? Ya gwiwar?”

“Da sauƙi. Ya mai jiki? Iccenka dai ga shi nan na taimaka masa, ya farfaɗo.”

Na zuba masa ido. Mutumin da ya shafe shekaru yana tattalin wannan itace, aka rushe masa lissafin shekara guda cikin 'yan makonni, sai ya ce, “An gode, Inna. Allah ya saka da alheri. Allah ya bar zumunci.”

“Amin. Ba komai, ai yi wa kai ne. Amma ka kwance masa wayar nan.”

“In sha Allahu, Inna.”

Da na koma ɗaki na rufe ƙofa, ya ce da ni cikin wata irin murya ta mai karɓar gaisuwar mutuwa, “Shi ke nan. Tunda ya tsage ba ya komawa, duhu zai kashe ganyen. Ka bar shi waje, rana ta safe kawai. Sauran sai abin da Allah ya yi.” Na soma ba shi haƙuri da dalilai, ya ce, “Malam, don Allah, kada ka yi mini bayani.”

Haka Dattijo ya koma baranda da izini. Dole kuma in faɗi gaskiya, kwanakin da suka biyo baya suna daga cikin abubuwa mafi kyau da na gani a zamana na ƙasar nan. Ban taɓa tsayawa na kalli toho ba. A gida itace yana yin ganye ne kawai, ka wayi gari ka ga inuwa. Wannan kuwa a gaban idona ya yi. Kowane ido yakan tsage, wani abu ja mai laushi ya fito a dunƙule kamar hannun jariri, ya kwana biyu a haka, sannan yatsun su warware ɗaya bayan ɗaya, jan ya koma kore. Ranakun hutu nakan zauna daga bakin ƙofar baranda, surukata tana can ƙarshen tabarma, kaskon yana tsakaninmu. Ba ma magana. Wani lokaci takan ce wa 'yarta, wadda ba ta ma wurin, “Ga wani can ya buɗe,” ni kuma in ce wa labule, “Ƙwarai kuwa.” Ina kallo ina jin daɗi, ina kuma sane da cewa kowane ganye da ya fito daga ƙarfin da bai kamata a taɓa ba tukuna yake fitowa.

Abokina ya dawo, ya zo ɗaukar kayansa da ledar dabino daga kasuwar Souq Waqif don gaida Inna. Ya durƙusa, ta yi masa nasiha a kan tausayin abin da ba ya magana, yana ta cewa “Haka ne, Inna.” Ya rungumi kaskon ya fita. Na raka shi, a cikin lif sai juya itacen yake yana duba shi ta kowane gefe.

Da zafi ya sauko, abin da ya ji tsoro ya faru, ko da yake ba duka ba. Dattijo ya rayu, amma reshen nan mai sunkuyowa ya bushe, dole abokina ya yanke shi. Ya kawo mini guntun ofis ya ajiye a kan teburina. Surukata kuwa ta koma gida da gwiwa mai sauƙi, kuma har yau, in ji matata, tana ba matan gari labari a gidajen suna yadda ta tarar da surukinta da duk karatunsa ya sa icce a firij, Allah ya yi ita ce sanadin ceto shi. Ba wanda ya gaya mata zancen reshen. Na taɓa cewa ya kamata a sanar da ita don ta san yadda abin ya ƙare. Matata ta tambaye ni ko ni zan je in faɗa, maganar ta mutu a nan.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Na koma na sake karanta abin da na karanta, na tabbatar ni ne da gaskiya, reshen da ya bushe ma shaida ne. Abin da ya dame ni shi ne gaskiyar tawa ba ta tsinana komai ba. Tsohuwar nan ba ta rasa fahimta ba. Ta maimaita mini hujjata ba tare da ta zubar da komai ba. Ta ji, ta gane, ta auna da abin da zuciyarta ke gaya mata duk lokacin da ta buɗe firij, ta ga nata ya fi nauyi. Ni a lissafina babu gurbin irin wannan mutum, alhali da na duba da kyau, yawancin waɗanda na sani haka suke, kuma ina zargin ni ma haka nake a wuraren da ban lura ba. Nakan kuma tambayi kaina sau nawa ɗalibaina suka ce mini “To” irin wadda ta ce, na tattara takarduna na fita ina murna. Ban daina bayani ba, wannan ya riga ya zama jiki. Sai dai yanzu in na gama aka yi shiru, ba na saurin jin daɗi.

Ni da abokina muna nan yadda muke, tare muke zuwa masallacin Juma'a, iyalanmu suna ziyartar juna. Da sanyin shekara ta gaba ya kama, ya sayi wani ɗan ƙaramin firij mai makulli ya ajiye a ofishinsa. Bai sake ba ni ajiyar komai ba.